Me ya sa Backspace ke ƙin goge harafi? Fashin baƙi kan binciken nan-take na Emacs da Vim

Emacs da Vim manhajoji ne na rubutu da gyaran fayil a kwamfuta. Duk wanda ya taɓa buɗe Emacs ya danna Ctrl da s ya fara rubuta kalma ya san yadda abin yake, kana buga harafin farko sikirin ya yi tsalle, ka ƙara na biyu ya sake matsawa, kafin ka gama kalmar ma sau da yawa ka riga ka isa inda kake nema. Shi ne binciken da ke tafiya tare da yatsunka ba ya jiran ka gama, a Emacs ana ce masa isearch, a Vim kuma saitin incsearch ne ke kunna shi. Daɗin aiki gare shi sosai, amma kuma shi ne wurin da sababbin shiga suka fi yawan cewa manhajar ta lalace: mutum ya danna Backspace harafi bai gogu ba, ya danna Ctrl da g don ya fita bai fita ba, kalma tana nan ƙiri-ƙiri a cikin fayil amma bincike ya ce babu ita. Mafi yawan waɗannan ba lalacewa ba ce, tsari ne da aka yi da gangan tun da daɗewa, sai dai ba duka ne nake ganin an kyauta ba, kuma akwai guda ɗaya da ya shafe mu masu rubutun Hausa kai tsaye.

Don sauƙi, in na rubuta C-s ina nufin Ctrl da s, in na rubuta M-c ina nufin Alt da c, C-M-d kuma Ctrl da Alt da d tare, SPC sifes ne, RET kuma Enter, haka mutanen Emacs ke rubutawa.

Tushen ruɗanin shi ne yawancinmu mun saba da akwatin bincike irin na Word ko na burauza, wato fili ne da kake zuba rubutu a ciki, ka goge, ka gyara, ka matsa hagu da dama, sannan manhaja ta je ta nemo. Toh isearch ba akwati ba ne. Abin da kake gani a ƙasan sikirin yana kama da wurin rubutu amma ba shi ba ne, rahoto ne kawai yake ba ka na halin da binciken yake ciki. Abin da Emacs ke yi a ɓoye shi ne duk madannin da ka taɓa sai ya adana cikakken halin da ake ciki a wannan lokacin: me aka rubuta zuwa yanzu, ina manuni yake (ɗan tsinken nan mai ƙyaftawa), gaba ake tafiya ko baya, an samu ko ba a samu ba, an zagayo ko ba a zagayo ba. Yana jera su ɗaya kan ɗaya kamar jeren kwanuka, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. In ka riƙe wannan kusan duk sauran bayanin zai zo da kansa.

Mu ɗauki misali. Kana da dogon rubutu kana neman kalmar gida. Ka danna C-s, ka buga g, i, d, a, manuni ya tsaya kan gida na farko. Ba shi kake so ba sai ka sake danna C-s ya tafi na biyu, ka sake dannawa ya tafi na uku. Nan sai ka tuna ashe gidi kake son nema ko wani abu daban, ka danna Backspace da niyyar cire a ɗin ƙarshe, sai kawai kaga rubutun yana nan yadda yake, gida, amma manuni ya koma na biyu. Ka sake dannawa ya koma na farko. Sai a dannawa ta uku ne a ɗin zai fita. Dalili kuwa Backspace a nan ba harafi yake gogewa ba, mataki na ƙarshe yake warwarewa, kuma matakanka biyu na ƙarshe ba haruffa ba ne, tsalle ne. Sunan umarnin ma isearch-delete-char yana ƙara rikita mutane don ba ainihin aikinsa ya faɗa ba.

Ni a ganina wannan halin daidai ne, kuma da an cire shi da an yi asara. Ka yi tunanin kana danna C-s da sauri a fayil mai layi dubbai sai ka wuce wurin da kake so da tsalle ɗaya, Backspace ɗaya ya maido ka, ba sai ka juya akalar binciken ba. Wanda kuma yake son goge harafi tsagwaronsa ba tare da komawa baya ba akwai madanninsa, C-M-d ne tun daga Emacs 27, a tsofaffin kuma C-M-w ne. In gyara mai yawa kake so sai ka danna M-e, shi zai buɗe maka wurin rubutu na gaske ka yi duk gyaran da ka saba, ka danna Enter binciken ya ci gaba.

Shi ma C-g haka labarinsa yake. A ko'ina cikin Emacs C-g na nufin a bari, a fasa. Amma a cikin isearch fuska biyu gare shi. In binciken yana kan nasara, C-g zai fasa gaba ɗaya ya mayar da kai inda ka taso. In kuwa ya gaza, misali ka buga gid sai yatsa ya zame ka buga q, ƙasan sikirin ya rubuta Failing I-search ya yi wa q ɗin launin ja, toh C-g na farko ba zai fitar da kai ba, ɓangaren da ya gaza kawai zai cire ya bar ka a kan gid kana cikin binciken har yanzu. Sai na biyu ne zai fitar da kai. Inda mutane ke shiga matsala shi ne su danna sau ɗaya su ɗauka sun fita, su ci gaba da rubutu, alhali duk abin da suke bugawa cikin binciken yake shiga, sikirin na ta tsalle-tsalle suna mamaki. Maganin dai ka riƙa kallon layin ƙasa, in har kalmar I-search tana nan to kana ciki.

Sai kuma akasin haka, wato fita ba da niyya ba. Tunda ba akwati ba ne, duk madannin da ba na isearch ba ne in ka taɓa shi binciken zai ƙare nan take a inda manuni yake sannan a aiwatar da umarnin. Ka danna kibiyar hagu don ka gyara harafin tsakiya, shikenan ka fita, manuni ya matsa hagu a cikin fayil ɗinka, kuma abin da ka buga bayan nan cikin fayil ɗin zai shiga. Wannan yana da haɗari fiye da na C-g domin yana iya sa ka ɓata rubutu ba ka sani ba. Amma ga wanda ya saba shi ne gishirin abin, C-s, haruffa uku, C-a, ka isa farkon layin da kake so ba tare da Enter ba. Mutanen Emacs ba neman kalma kawai suke yi da isearch ba, da shi suke yawo a cikin fayil. Shi ya sa ma in ka fita yake rubuta maka Mark saved where search started, wato ya ajiye alama a inda ka taso, C-u C-SPC zai mayar da kai can. Wani ɗan abin kuma, in ka danna C-s sannan Enter ba ka rubuta komai ba, ba fita za ka yi ba, zai juye zuwa bincike irin na da, mai jiran ka gama rubutu.

Wannan tunanin na cewa bincike shi ne hanyar tafiya ba sabo ba ne. Tun EMACS na asali da aka haɗa a ɗakin binciken jami'ar MIT a Amurka wajen 1976, wanda Richard Stallman ya ja ragamarsa, salon ya samo asali, GNU Emacs kuma ya gaje shi da ya fito a 1985. Jef Raskin, mutumin da ya fara aikin Macintosh a Apple, ya kai abin ƙarshe a kwamfutar Canon Cat ta 1987, inda ya sa madannai biyu masu suna LEAP a ƙasan sifes, ka danne ɗaya kana buga haruffa manuni na tsalle gaba ko baya. Kaga kenan waɗanda suka tsara shi ba akwatin tambaya suke da shi a rai ba tun farko.

A Vim kuwa lissafin daban ne, shi ya sa wanda ke yawo tsakanin biyun yake yawan tuntuɓe. In ka danna / ka fara rubutu da incsearch a kunne, sikirin zai yi tsalle ya nuna maka wurin, amma manuni bai tafi ba tukuna, leƙe ne kawai ake ba ka. Sai ka danna Enter tafiyar ta tabbata, in ka danna Esc komai ya koma yadda yake. Layin da kake rubutu a kai kuma layin rubutu ne na gaske, Backspace harafi yake gogewa, kibiya tana matsawa a cikinsa. In kana son leƙa na gaba ba tare da fita ba akwai Ctrl-G, na baya kuma Ctrl-T. Abin da ke ba mutane mamaki a Vim wani ne daban: tun Vim 8.0 na 2016 akwai fayil mai suna defaults.vim da ke kunna incsearch, amma ana loda shi ne kawai in ba ka da .vimrc naka, wato fayil ɗin da kake zuba saitocinka. Toh sai mutum ya ƙirƙiri .vimrc don ya sa layi ɗaya tak, misali lambar layuka, washegari ya ga binciken ya daina tsalle ya rasa abin da ya taɓa. Bai taɓa komai ba, samuwar fayil ɗin ce ta kashe waɗancan saitocin, sai ya rubuta set incsearch da hannunsa ko ya lodo defaults.vim a saman nasa. Neovim, wani reshe na Vim, shi da incsearch a kunne yake zuwa.

Yanzu ga wanda nake ganin ya fi cutarwa, don shi shiru yake yi ba ya nuna maka komai sosai: manya da ƙananan haruffa. A Emacs in ka rubuta duka da ƙanana bincike ba ya bambancewa. Ka nemi musa, zai tsaya kan Musa, ya tsaya kan MUSA na kanun labari, ya tsaya kan musamman da musaya da musanta. Amma da zarar babban harafi ɗaya ya shiga, sai ya koma mai tsauri, Musa zai samo Musa da Musamman na farkon jimla, amma zai tsallake MUSA ya wuce kamar babu. Mutumin da ke duba ko ya gyara sunan a ko'ina zai tashi da tabbacin ya gama alhali saura. Dabarar tana da ma'ana, wanda ya wahalar da kansa ya danna Shift lallai da nufi ya yi, amma ana yanke hukuncin ne a madadinka tsakiyar rubutu.

Kuma akwai wani rufi a kan wannan. In manuni yana kan Musa ka danna C-s sannan C-w don ka jawo kalmar cikin binciken, za ka ga ta shiga a matsayin musa da ƙaramin harafi. Saitin search-upper-case ne ke yin haka, ƙimarsa ta asali not-yanks ce, ma'ana babban harafin da ka buga da hannunka shi ke da tasiri, wanda ka jawo daga rubutu kuwa ana ƙanƙantar da shi. Toh kalma ɗaya, fayil ɗaya, sakamako biyu, ya danganta da ta wace hanya ta shiga. M-c yana juya yanayin a tsakiyar bincike in kana son ka riƙe akalar da kanka. Vim ma yana da irin wannan ramin, in ka kunna ignorecase da smartcase, saitocinsa na manya da ƙananan haruffa, za ka samu hali irin na Emacs a kan /, amma madannin * da ke neman kalmar da manuni ke kai ba ya kula smartcase, ignorecase kaɗai yake bi. A can \c (kada a bambance) ko \C (a bambance) a cikin abin da kake nema shi ke raba gardama.

Sifes ma ba sifes ɗaya ba ne a isearch. In ka buga sifes guda, zai dace da sifes biyu ko biyar ko tab. Yawanci alheri ne, amma ranar da kake farautar wuraren da aka buga sifes biyu bisa kuskure sai ya zama cikas, M-s SPC ke kashe shi. Kafin Emacs 28 na 2022 abin ya fi haka rikici don ko zai tsallaka zuwa sabon layi ko ba zai tsallaka ba ya danganta da irin fayil ɗin da kake ciki, daga baya aka tsayar da shi kan sifes da tab kawai.

Zagayowa kuma, in ka kai ƙarshen fayil babu sauran wani, Emacs zai ce Failing ya tsaya, sai ka sake danna C-s zai koma sama ya rubuta Wrapped, in ka wuce inda ka faro ya rubuta Overwrapped, wato yanzu maimaici kake yi. Vim shi ba ya tsayawa, zagayowa yake yi kai tsaye ya bar maka saƙon search hit BOTTOM, continuing at TOP a ƙasa, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Haka nan in kana tafiya gaba ka danna C-r don ka juya, dannawar farko ba ta kai ka na baya, manuni kawai take ɗaukewa daga ƙarshen kalmar zuwa farkonta. Emacs 28 ya kawo isearch-wrap-pause da isearch-repeat-on-direction-change ga wanda waɗannan biyun suka dama. In kuma tsarin regexp kake nema da shi ta C-M-s, wato bincike da alamomin da ke siffanta abin da kake nema, kada ka yi mamaki in manuni ya ja da baya kana ƙara rubutu: ka nemi rana, ka ƙara \|wata, wato rana ko wata, in akwai kalmar wata kafin rana ta farko dole ya koma can don yanzu ita ce amsa mafi kusa da inda ka taso.

Akwai wanda ma ba laifin edita ba ne sam. A tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, Ctrl-S tsohon umarni ne na dakatar da fitowar rubutu, Ctrl-Q ke sake shi, gado ne daga zamanin da na'urori ba sa iya karɓar rubutu da sauri. Shi ya sa a bash, manhajar da ke karɓar umarni a tamina, Ctrl-R ke binciken tsofaffin umarni lafiya lau amma Ctrl-S sai ya daskarar da komai, mutum ya ɗauka kwamfuta ta maƙale. Umarnin stty -ixon ke kashe wannan.

Toh sai namu. Emacs 25 na 2016 ya zo da wani yanayi da ake kunnawa da M-s ' a cikin bincike, wanda ke sa harafi tsura ya dace da 'yan'uwansa masu alama, misali harafin a ya samo à da á da ā. Mai rubutun Hausa zai ji wannan ya yi murna ya ce to k zai samo ƙ kenan, amma ina. Yanayin ya dogara ne da teburin Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba, wanda ke cewa harafi kaza asalinsa harafi kaza ne da alama a kai, kuma a wannan teburin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba a warware su zuwa komai ba, haruffa ne masu zaman kansu, ƙ lambarsa U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ U+01B4. Ta fuskar harshe wannan gaskiya ne, kasa da ƙasa ba abu ɗaya ba ne, haka dari da ɗari. Matsalar ita ce rubutun da ke hannunmu gauraye yake, wani ya buga da ƙugiya, wani kibod ɗinsa babu, wani ya sa k' a madadinta, sau da yawa duk a cikin fayil ɗaya in mutane da yawa suka yi aikin. Sai ka nemi ƙasa ka samu rabi, ka nemi kasa ka samu ɗaya rabin, babu wanda zai ce maka Failing don kowanne ya samo wani abu. Wannan ya fi gazawar fili muni. Wasulan da ke ɗauke da alamar karin sauti, waɗanda sai a ƙamus da littattafan nazarin harshe ake ganinsu, su yanayin ya ɗauke su, haruffan da muke bugawa kullum kuma ya bar su.

Ga kuma rigimar 'y. A Najeriya 'y ake rubutawa, a Nijar ƴ, kaga 'ya'ya da ƴaƴa kalma ɗaya ce amma ga kwamfuta ko kusa. Ita kanta alamar ba iri ɗaya ba ce, akwai miƙaƙƙiya ta kibod U+0027, akwai lanƙwasasshiya U+2019 da Word ke musanyawa da kansa, a farkon kalma kamar 'yan ma sau da yawa mai buɗe zance U+2018 yake sawa, akwai kuma U+02BC da wasu kibod ɗin ke fitarwa. A ido kusan duk ɗaya ne musamman in rubutun ƙanana ne. A nan M-s ' yana taimakawa, miƙaƙƙiyar tana samo lanƙwasassun nan biyu. A Vim kuma ka sani alamar ba ta cikin haruffan da yake ɗauka a matsayin jikin kalma, in ka danna * a kan 'ya'ya to guntun ya kawai zai ɗauka, ya bi ka da duk wani ya da ke cikin fayil, wanda a rubutun Hausa kusan kowane layi ne.

Gyaran ƙugiyar yana yiwuwa kuma ba wuya. Na gaggawa shi ne regexp, [kƙ]asa zai kamo duka biyun a Emacs da Vim, haka [dɗ] da [bɓ]. Na dindindin a Emacs kuwa, tun sigar 27 ta 2020 akwai char-fold-include inda za ka ƙara da kanka cewa k ya haɗa da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, y da ƴ, sai dai ka sa shi ta Customize, wurin canza saitoci na Emacs, don a sake gina teburin, in ba haka ba za ka iya sawa ka ga babu abin da ya canza. Abin da ya burge ni da tsarin shi ne hanya ɗaya yake bi in ba ka kunna char-fold-symmetric ba: k zai samo k da ƙ, amma ƙ zai samo ƙ kaɗai, wanda shi ne daidai abin da mai tace rubutun Hausa ke buƙata, faɗi in yana so, tsauri in yana so. In kana son yanayin ya zama a kunne kullum sai ka mayar da search-default-mode zuwa char-fold-to-regexp. Wanda kibod ɗinsa ba shi da ƙugiya kuma, C-x 8 RET yana aiki a tsakiyar isearch, ka buga 199 ka danna Enter, ƙ zai shiga cikin abin da kake nema binciken ya ci gaba daga nan.